Diyyar Da Ta Zama Sana'a



Duk wanda yake zama a ɗakin shaƙatawar ɗalibai, ko a teburin mai shayi bayan an tashi daga kallon ƙwallo, ya san cewa a zamanin nan gardamar cinikin 'yan wasa ta kusa ta fi gardamar wasan kansa zafi. Wannan ya ce an tsawwala wa kulob ɗinsu, wancan ya ce ai wane ya tafi a banza, ba a karɓi ko kwabo a kansa ba. Ni ma ba a bar ni a baya ba wajen irin wannan gardama, sai dai abin da ya fi jan hankalina shi ne takardar da ake sa wa hannu kafin a shiga fili. A cikin takardar nan ne mutum zai gane wanda ya ci riba, da wanda aka ci da guminsa. Son bin diddigin irin waɗannan takardu shi ya kai ni ga wani wasa da ba mu cika kallonsa ba a nan, watau ƙwallon ƙafa irin na Amurka, wanda sunan ƙafa kawai yake amsawa, don kuwa yawancinsa da hannu ake yi, ya fi kama da zari-ruga. Babbar gasarsa ita ce NFL, mai kulob 32.

Abin da ya sa na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwa wannan magana shi ne, akwai wata doka a gasar nan wadda ta ce in ɗan wasa ya gama kwantiraginsa ya koma wani kulob, to, ana iya ba kulob ɗin da ya bari diyya. Da jin haka mai karatu zai ce ai adalci ke nan, wanda ya yi rashi a share masa hawaye. Haka ma waɗanda suka kafa dokar suka nufa. To amma ɗan Adam ba a iya masa. Da masu kulob suka ga rashi yana da lada, sai suka koma suna shirya rashin da hannunsu, har ya zama ranar da ake rubuta wa ɗan wasa kwantiragi, idon mai rubutun yana kan ranar rabuwa. Maganar tawa ke nan, zan kuwa bi ta daki-daki.

Da farko sai mu san da me ake biyan diyyar, don ba kuɗi ake ƙirgawa ba. A Amurka kulob ba ya rainon yara tun suna ƙanana kamar yadda ake yi a Turai, jami'o'i ne ke wannan aiki. Saurayi zai yi ta buga wa jami'arsa, sai ya cika shekara uku da barin sakandare sa'an nan ya cancanci shiga NFL. Kuma ba shi zai zaɓi inda za shi ba. Kowace shekara, wajen ƙarshen watan Afrilu, kulob-kulob kan taru su yi rabon sababbin 'yan wasa bi da bi. Wanda ya zo na ƙarshe a gasar bara shi ke fara ɗauka, zakara kuwa sai kowa ya ɗauka sa'an nan ya ɗauka. An fara wannan rabo a 1936, don kada masu ƙarfi su riƙa kwashe gwanaye su bar wa raunana ragowa. Tun 1994 zagaye bakwai ake yi, kowane kulob yana da gurbi ɗaya a kowane zagaye. Gurbin nan kuwa dukiya ce, ana iya musayarsa da ɗan wasa ko da wani gurbin. To, diyyar da nake magana a kai ita ce ƙarin gurbi a wannan rabo.

Me ya sa gurbi ya yi daraja haka? Dalili biyu ne. Na ɗaya, akwai iyakar kuɗin da aka yarda kowane kulob ya kashe kan albashin 'yan wasansa a shekara. A 1994, sa'ad da aka fara, dala miliyan 34.6 ce, a 2025 kuwa ta kai dala miliyan 279.2. Kome arzikin mai kulob ba shi da ikon tsallake ta. Na biyu, tun 2011 aka ƙayyade albashin sabon shiga, kwantiragin shekara huɗu, kuɗin kuma gwargwadon lambar da aka ɗauke shi a kai. Saboda haka in kulob ya dace da gwani a zagayen baya, ya sami aikin gwani na shekara huɗu a kan ladan ɗan koyo. Dubi Brock Purdy. A rabon 2022 kulob ɗin San Francisco 49ers ya ɗauke shi a lamba ta 262, watau na ƙarshe ƙaf, da gurbin diyya. Kwantiraginsa na shekara huɗu gaba ɗaya bai kai dala miliyan 4 ba, amma shi ya jagoranci kulob ɗin har wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2024. Da aka zo sabunta masa a 2025, dala miliyan 265 aka rubuta masa na shekara biyar. Tazarar da ke tsakanin waɗannan kuɗi biyu ita ce naman da masu kulob ke farauta.

Maganar diyya kuwa ba yau ta fara ba, kuma asalinta ba mai daɗin ji ba ne. A 1963 aka kafa wata doka da ake kira da sunan shugaban gasar na lokacin, Pete Rozelle. Dokar ta ce duk kulob ɗin da ya ɗauki ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare, dole ya biya tsohon kulob ɗinsa, in kuma sun kasa daidaitawa, shugaba ya yanke abin da ya ga dama. Tun da ba wanda ya san abin da za a yanke masa, sai kowa ya kama kansa. Ɗan wasa yana da 'yanci a takarda, amma ga dabaibayi a ƙafa. John Mackey, shugaban ƙungiyar 'yan wasa, ya kai ƙara a 1972, kotu kuma ta rushe dokar a Disambar 1975. Duk da haka ba a kwance dabaibayin ba, sauya masa igiya kawai aka yi. Aka yi yajin aiki a 1982 da 1987, aka sāke komawa kotu, har 'yan wasa suka yi nasara a shari'ar Freeman McNeil a 1992. A 1993 aka yi sulhu. 'Yan wasa suka sami 'yancin tafiya bayan sun cika wasu shekaru, waɗanda suka tsaya a huɗu. Masu kulob kuma suka sami iyakar albashi da guraben diyya, waɗanda aka fara rabawa a 1994. Masu bin ƙwallon Turai za su tuna cewa a kusan wannan lokaci ne, a Disambar 1995, shari'ar Bosman ta hana a karɓi kuɗi a kan ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare in zai ƙetara zuwa wata ƙasar Tarayyar Turai. Amurkawa su ba su kashe diyyar ba, sun dai ɗauke ta daga kan mai ɗauka, suka ce hukumar gasa ce za ta biya, ta hanyar ƙirƙiro sababbin gurabe.

Ga yadda ƙa'idar take. Kowace shekara, wajen watan Maris, hukuma kan raba gurabe 32, a saka su a ƙarshen zagaye na uku zuwa na bakwai, kuma ba a ba kulob ɗaya fiye da huɗu. Ban da waɗannan, tun Nuwamban 2020 akwai wasu 'yan gurabe na musamman da ake ba kulob ɗin da ya horar da baƙar fata, ko wani daga tsirarun jinsuna, har wani kulob ya ɗauke shi babban koci ko babban manaja. Wajen lissafin 32 ɗin kuwa, za a jera waɗanda kulob ya rasa a gefe ɗaya, waɗanda ya ɗauko a ɗaya gefen. Duk mutum ɗaya da ka ɗauko yana soke mutum ɗaya da ka rasa, abin da ya rage shi ake biyanka. Nauyin kowane ɗan wasa kuma ana auna shi da albashin da sabon kulob zai biya shi a shekara, da yawan wasan da ya buga, da lambobin yabon da ya samu. In ya faɗa cikin kashi 5 bisa 100 na sama, gurbin zagaye na uku ke nan. Haka za a yi ta saukowa har zagaye na bakwai, wanda ya faɗo ƙasa da kashi 35 na sama kuwa ba ya shiga lissafi. Wanda ya yi shekara goma a gasar, diyyarsa ba ta wuce zagaye na biyar, sai fa in madugu ne, watau mai jefa ƙwallon nan da ke tsara kai hari. Shekara da shekaru hukuma tana ɓoye wannan lissafi, sai a yarjejeniyar 2020 aka buga shi a fili. Tun 2017 kuma aka yarda a yi musayar gurbin diyya kamar kowane gurbi.

To, a lura da abu uku, don a nan ƙofofin suke. Ba a lissafa ɗan wasa sai wanda kwantiraginsa ya ƙare da kansa, wanda aka sallama tun wa'adi bai cika ba ba ya ciki. Ba a lissafa wanda aka samo ta hanyar musaya yana cikin tsohon kwantiraginsa. Ba a kuma lissafa wanda aka ɗauka bayan wata rana da aka tsayar, wadda a yarjejeniyar 2020 ita ce Litinin ɗin da ke biye da rabon sababbin 'yan wasa. Duk dabarun da zan ambata ta waɗannan ƙofofi uku suka shigo.

Dabara ta farko ita ce haƙuri, kuma ba wanda ya ƙware a kanta kamar Baltimore Ravens. Kulob ɗin nan a 1996 ya soma wasa, amma zuwa 2025 ba wanda ya kai shi yawan guraben diyya, ya tara fiye da 50. Al'adarsa ita ce, in kasuwa ta buɗe a watan Maris ana rububin masu tsada, shi sai ya naɗe hannu, ya bar nasa su tafi, ya cike giɓin da waɗanda wasu suka sallama, ko ya jira ranar nan ta wuce. A 2021 yana bukatar ɗaya daga cikin ƙartin da ke kare madugu. Ga Alejandro Villanueva, kwantiraginsa da Pittsburgh Steelers ya ƙare tun Maris, har ya kai ziyara Baltimore a Afrilu, kowa ya san inda maganar ta dosa. Amma ba a sa hannu ba. Ranar wa'adi ita ce 3 ga Mayu. Ranar 4 ga Mayu aka sanar da kwantiragin shekara biyu, dala miliyan 14. Jinkirin nan ya sa sunansa bai soke wa Baltimore kowa ba, Pittsburgh kuma ba su sami kome a kansa ba. Masu iya magana sun ce mahaƙurci mawadaci, sai dai a nan wani ne ya yi zaman jira, wani kuma ya wadata.

Dabara ta biyu a cikin rubutun kwantiragin take, gwaninta kuwa shi ne New England Patriots a zamanin Bill Belichick. A Maris ɗin 2014 Tampa Bay suka sallami Darrelle Revis, ɗaya daga cikin manyan masu tsaron baya na zamaninsa. Tun da sallamarsa aka yi, ɗaukarsa ba ta soke wa New England kome. Sai suka rubuta masa kwantiragin shekara biyu a takarda, dala miliyan 12 a shekarar farko, shekara ta biyu kuma dala miliyan 20, amma da sharaɗin sai in kulob ya ga dama. Masu lura duk sun san ba za a ga damar ba. Ya buga musu shekara ɗaya, suka ci Super Bowl a Fabrairun 2015, suka ce ba su son shekara ta biyu. A ƙa'idar wancan lokaci wannan ba sallama ba ce, kwantiragi ne ya ƙare. Revis ya koma New York Jets a kan dala miliyan 70 na shekara biyar, New England kuma suka karɓi gurbin zagaye na uku a 2016. Watau sun shigo da shi ta ƙofar da ba a lissafi, suka fitar da shi ta ƙofar da ake lissafi. An ci moriyar ganga, ba a ma yada kwaurenta ba, sayar da shi aka yi. Wannan ƙofa ta yi ta shan zirga-zirga har yarjejeniyar 2020 ta toshe ta.

Dabara ta uku ita ce shekarun wofi. Za a rubuta kwantiragin shekara uku ko biyar, alhali shekarun baya an riga an rubuta cewa za su rushe da kansu a rana kaza. Babban amfaninsu shi ne a shimfiɗa kuɗin sa hannu a kan shekaru da yawa, don kada ya cinye iyakar albashin bana. Amma suna da amfani na biyu, watau in sun rushe, sai a ce kwantiragi ya ƙare da kansa, ba wanda ya kori wani. Labarin Tom Brady ya isa misali, kuma ni ban san labarin da ya fi shi nuna yadda abin yake zagayawa ba. A rabon 2000 New England suka ɗauke shi a lamba ta 199, zagaye na shida, da gurbin diyya, bayan an ɗauki madugai shida kafin shi. Ya yi musu shekara 20, ya ci musu Super Bowl shida. A Agustan 2019 aka rubuta masa kwantiragi mai shekarun wofi biyu, suka rushe a Maris ɗin 2020, ya koma Tampa Bay a kan dala miliyan 50 na shekara biyu. Tun da madugu ne, dokar shekara goma ba ta hau kansa ba, sai New England suka karɓi gurbin zagaye na uku, lamba ta 96, a 2021. Da diyya ya shigo, da diyya ya fita. Sai dai in faɗi gaskiya, a wannan karo lissafin bai yi musu rana ba. Brady ya ci kofinsa na bakwai da Tampa Bay a Fabrairun 2021, saurayin da aka ɗauka da lamba ta 96 kuwa bai taɓa buga wa New England wasan gasa ko ɗaya ba. Gurbi dai ƙuri'a ce, tana ci tana faɗuwa, shi ya sa masu wayo ke son tara ta da yawa.

Dabara ta huɗu ita ce haya da sunan saye. Kulob zai nemi ɗan wasan da saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare, ya karɓo shi ta hanyar musaya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya more shi shekara ɗaya, ya bar shi ya tafi. Haka New England suka yi da Trent Brown. Sun karɓo shi daga San Francisco a Afrilun 2018, suka ci Super Bowl da shi a Fabrairun 2019, ya koma Raiders a kan dala miliyan 66 na shekara huɗu, su kuma suka karɓi gurbin zagaye na uku a 2020. Mutumin da ba su raina ba, ba su horar ba, shi aka biya su diyyar rasawa.

Akwai kuma wadda ta fi duka taɓa mini zuciya. A ƙa'idar da ake bi kafin 2020, in ka ɗauko ɗan wasa sa'an nan ka sallame shi kafin mako na goma na gasa, sai a goge sunansa daga lissafi. A 2019 Baltimore sun ɗauko Justin Bethel, wanda sau uku ana zaɓensa cikin gwanayen gasa a fanninsa, kuma yana yi musu aiki ba laifi. A watan Oktoba sai Tennessee suka sallami wani tsohon ɗan wasan Baltimore, Brent Urban. Sallamar nan ta rage wa Baltimore mutum ɗaya a jerin waɗanda suka rasa, gurbinsu na zagaye na huɗu ya kama hanyar sulalewa. Maganin abin ɗaya ne, su ma su rage mutum ɗaya a jerin waɗanda suka ɗauko. Sai suka sallami Bethel, kocinsu John Harbaugh kuma bai ɓoye dalili ba. Mutum ya rasa aikinsa a tsakiyar shekara, ba don ya gaza ba, sai don wani kulob a wani gari ya sallami wani mutum dabam. Allah ya taimake shi New England suka ɗauke shi nan da nan, amma ba kowa ke wannan dacewa ba.

To, ina ra'ayina a cikin wannan duka? Ba zan ɓoye ba, wayon yana burge ni, kamar yadda gwanin dara ke burge mai kallo. Kuma ba wanda ya karya doka. Akwai ma hujjojin da masu kare tsarin ke kawowa waɗanda ba a raina su. Suna cewa ƙungiyar 'yan wasa da kanta ta amince da yarjejeniyar 2020, ko da yake da ƙyar, ƙuri'a 1,019 da 959. Suna cewa gurabe 32 na nufin ƙarin samari 32 da za a kira sunansu ranar rabo. Suna kuma cewa kulob na ƙaramin gari irin Green Bay, wanda ya dogara da rainon nasa, yana samun abin da zai riƙe in manya sun janye masa mutane. Duk na yarda.

Amma akwai abu biyu da suka tsaya mini a rai. Na farko, wa ke cin diyyar? Ba ka rasa gwani sai kana da gwani. Kulob ɗin da ya iya zaɓe, ya tara gwanaye fiye da yadda iyakar albashi za ta ɗauka, shi ke rasawa, shi kuma ake ƙara wa gurabe. Wanda ke ƙasa kuwa dole ya shiga kasuwa ya sayo, sayensa kuma ya soke masa ɗan abin da zai samu. Rabon da aka kafa a 1936 don a tallafi rarrauna, ga shi an liƙa masa wani reshe mai ƙara wa Barno dawaki.

Na biyu, wa ke biya? An ce an ɗauke diyya daga kan mai ɗauka, amma dokar sokewa ta dawo da ita ta bayan gida. Duk manajan da zai ɗauki mutum a watan Maris sai ya haɗa kuɗi biyu, albashin mutumin da gurbin da zai rasa saboda shi. Babban tauraro wannan bai dame shi ba, ko nawa ne za a ɗauke shi. Na can ƙasa shi ma bai dame shi ba, tun da ba ya cikin lissafi. Wanda abin ke faɗa wa shi ne na tsakiya, wanda ya iya aikinsa amma bai kai a rufe ido a kansa ba. Shi ne za a ce wa ya dakata sai Mayu, lokacin da kulob-kulob sun kashe yawancin kuɗinsu, sun kuma cike gurabensu da samari masu araha. A tuna fa, ƙungiyar 'yan wasa ta daɗe tana cewa matsakaicin zaman ɗan wasa a gasar nan shekara uku ne da 'yan watanni, alhali sai ya cika huɗu yake samun cikakken 'yanci. Yawancinsu ba su ma kaiwa bakin kasuwar. Wanda ya kai kuwa, da gwiwa mai ciwo da kafaɗa mai ɗinki, sau ɗaya ko biyu kasuwar za ta ci masa a rayuwa, kuma yawancin kwantiragin gasar ba a lamunce kuɗinsu duka ba. Dabaibayin Rozelle ke nan aka sassauta, ba a cire ba.

In na yi tunanin wannan sai in tuna da al'adar da na tashi na gani a kasuwanninmu, irin su Kantin Kwari a Kano. Yaro zai zauna da ubangidansa shekaru, yana buɗe shago, yana ɗaukar kaya, yana koyon ciniki. Ranar da za su rabu, ubangida ne ke sallamarsa da jari, ya sa masa albarka, don an san gumin yaron yana cikin dukiyar. Ba na cewa kowane ubangida yana cika wannan, amma wanda bai cika ba ya san abin kunya ya yi. A NFL abin a juye yake. Saurayi ya yi shekara huɗu a garin da bai zaɓa ba, a kan albashin da aka yanke tun kafin a san shi, ranar tafiya kuma ubangida ake sallama. In ma an ce ladan raino ake biya, to, ai sai a biya wanda ya yi rainon. A ƙwallon da muka saba, dokar FIFA ta 2001 ta ware kashi 5 bisa 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe don kulob-kulob ɗin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Kome rauninta wajen aiwatarwa, ta dai ɗaura lada a kan raino. Amma wane raino New England suka yi wa Revis ko Brown?

Da za a tambaye ni, gyara biyu zan kawo. Kada a biya diyya sai a kan wanda kulob ya ɗauko tun yana sabon shiga, ya raina. Sa'an nan a cire dokar sokewa, don kada ɗaukar ma'aikaci ta zama asara ga mai ɗauka. Da an yi haka, da Villanueva ya sa hannu tun Afrilu, da Bethel ya ƙarasa shekararsa inda ya fara. Na san masu wayo za su nemo wata ƙofar, don an toshe ta Revis a 2020 amma shekarun wofi sai ƙaruwa suka yi. Yarjejeniyar yanzu za ta kai kakar 2030, a nan ne za a ga ko 'yan wasa za su tuna da na tsakiyarsu in an zauna teburin sulhu.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa ɗalibai, a cikinmu akwai waɗanda gobe za su rubuta dokoki, akwai kuma waɗanda za a miƙa wa takardar aiki su sa hannu. Mai rubuta doka ya sani, duk ladan da ya ɗora a kan rashi, sai an sami mai noma rashin. Mai sa hannu kuma kada ya tsaya a shafin albashi, ya buɗa ya karanta inda aka yi maganar rabuwa, don wanda ya rubuta takardar daga can ya fara. Nan zan dasa aya. Allah ya sa mu dace, amin.